Liyarin 1780 da wurin Tasawa: tsoffin kuɗin da ke kwance a adakokinmu

Wani mai karatu daga Gazawa ya aiko mana da tambaya. Ya ce da aka buɗe adakar kakarsa bayan rasuwarta, an tarar da wani babban kuɗin azurfa, fuska ɗaya da hoton mace mai jiki, ɗayar kuma tsuntsu mai kai biyu, ga 1780 a rubuce. Tare da shi akwai kwabbai masu huji da wuri a ƙulle cikin tsumma. An yi ta gaya masa cewa ya tsinci miliyoyi, shi kuwa yana so ya san gaskiyar abin.

Wannan kuɗi shi ne liyari. Matar da ke jiki Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, kuma a 1780 ɗin ta rasu. Fataken Larabawa da na Habasha sun riga sun saba da kuɗinta, ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama, don haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗaya tilo. An buga shi a Biyana, daga baya a Rum da Landan da Paris da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yau ana bugawa. Ke nan liyarin da ke Gazawa yana iya zama na 1850, yana iya zama na 1940. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗori, kashi 83 cikin 100 azurfa. Abin da maƙeri zai biya ke nan, sai ɗan abin da mai sha'awa zai ƙara. Batun miliyoyi zancen 'yan damfara ne, irin wanda ake yi a kan tsofaffin kekunan ɗinki da dutsen guga.

Amma ni ƙullin tsumman nan ya fi ɗaukar mini hankali.

Sarakunan Katsina da na Gobir ba su buga kuɗin ƙarfe da sunansu ba. Duk mai tara tsoffin kuɗi a Agye ko Cadawa ko Gidan Runji baƙi yake tarawa, kowanne da doguwar hanyar da ya biyo. Mafi tsufan labari shi ne na Ibn Battuta, wanda ya sauka Takedda a 1353, garin da masana da dama ke ganin shi ne Azelik ta yammacin Agadas. Ya ga ana narka jan ƙarfe ana yin 'yan sanduna, masu kauri 400 a bakin miskalin zinariya, sirara 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen hatsi da man shanu da bayi. Ya kuma ce ana kai wannan jan ƙarfe Gobir. Gobirawan wancan zamani suna can arewa da inda suke yanzu, amma sarautarsu ce yau take zaune a Tsibiri.

Wuri kuwa daga tsibiran Maldib ya fito, can tsakiyar Tekun Indiya. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, ya shigo ƙasar Hausa. Wasu na musun haka, tunda Ibn Battuta ya tarar da shi a Mali da Gawo shekaru 350 kafin nan. A ganina maganganun biyu ba su ci karo ba. Shigowar wuri a matsayin kayan ado daban, zamansa abin da mai fura za ta karɓa daban, kuma na biyun ne marubucin Kano yake nufi. Ko Barno ma sai a shekarun 1840 ta karɓe shi a kasuwanninta.

Wanda ya bar mana hoton wannan kuɗi a ƙasarmu shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim. A watan Janairun 1851 ya gangaro daga Damargu ya sauka Tasawa. Abokin tafiyarsa Overweg ya nufi Maraɗi da Tsibiri, shi kuma ya bi ta Gazawa, wadda ya tarar an kewaye da shingen itatuwa a tsakiyar daji saboda yaƙi, ya wuce Katsina. A Tasawa ya shiga wurin wani attajiri ya same shi a tsakiyar ƙirga wuri. A bakin teku a kan shirya wuri a zare, amma a nan warwatse yake, sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙirga yana jan biyar biyar da yatsunsa, ashirin hauya ɗaya, hauya goma ya yi tsibin 200, a haka har a kai zambar. Sarakuna kan ɗinke wuri 20,000 a cikin jakar kaba, amma Barth ya lura ba wanda zai karɓi jakar bai zazzage ta ya ƙirga da hannunsa ba. Ranar nan, da taimakon mutum biyar ko shida, aka ƙirga 500,000.

Mu tsaya a kan wannan adadi. Da Barth ya isa Kano ya tarar liyari ɗaya wuri 2,500 ne. Ke nan abin da mutanen nan suka duƙufa a kai liyari 200 ne, azurfar da ba ta kai kilo shida ba, wadda yaro zai saɓa a kafaɗa. A wuri kuwa jaka 25 ce, kayan 'yan dako 25. Wannan shi ne dalilin da ya sa attajiri ke son liyari don ajiya da tafiya mai nisa. Amma liyari ba ya sayen daddawa. Matar da ke sayar da ƙosai a kasuwar Gazawa tana iya yin cinikin wuri biyar, har na wuri ɗaya, kuma babu wani kuɗin ƙarfe na Turai a lokacin da ya kai wannan ƙanƙanta. Talaka da yaro da tsohuwa duk suna da shiga kasuwa.

To wa ya kashe wuri? Abin da aka fi faɗa shi ne Nasara ne, da doka. Akwai gaskiya a ciki. A 1904 gwamnatin Ingilishi ƙarƙashin Gwamna Lugga ta hana shigo da wuri Arewacin Nijeriya, Faransawa ma a ƙasashensu suka daina karɓarsa a lanho, suka ce sai tamma. Sai dai ni na fi karkata ga abin da Jan Hogendorn da Marion Johnson suka nuna a littafinsu na 1986, cewa Nasara sun tarar da wuri yana jinya ne. Daga wajen 1845 kamfanonin Jamusawa na Hambag suka gano wani wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa jibge shi tan dubbai a Legas da maƙwabtanta. Ambaliyar ta fi yin ɓarna a kudu, amma ta hauro arewa, kuma kafin ƙarshen ƙarnin wuri ya rasa kusan rabin darajarsa a kan liyari a Kano. Baturen Ingila Charles Robinson, wanda ya zo Kano a 1894, ya rubuta cewa dokinsu ya gaza a hanya amma sun kasa sayar da shi, domin kuɗinsa sai 'yan dako 15 za su ɗauka, ladansu kuma zai cinye kuɗin har ya nemi ƙari. Kuɗin da ya kai wannan hali ya daina amfanar fatake tun kafin a kafa masa doka.

Hujja ta biyu ita ce dokar ba ta kashe shi a ƙananan kasuwanni ba. Shekaru da dama bayan haramcin mata suna cinikin gishiri da kuka da wuri, domin sabon kuɗin ya yi musu girma. Ingilishi sun gane haka, shi ya sa tun 1907 suka buga anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, da huji a tsakiya don a shirya shi a zare, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Na farkon da sanholo aka yi shi, yana cikin kuɗin sanholo na farko a duniya, bai jure ba aka sauya ƙarfen a 1908. Wanda ya sami na 1907 a adakarsu ya riƙe shi da kyau.

Iyakar da aka shata tsakanin 1906 da 1908 ta bar Maraɗi da Tsibiri da Gazawa a hannun Faransa, amma kasuwarsu tana kallon Katsina da Kano. Gyaɗa da shanu suna tafiya kudu, sule da toro da kwabo suna dawowa, manomi kuma sai ya nemi mai canji ya ba shi tamma ya biya lanho. Wannan ne ya sa adakokinmu suka fi cika da kuɗin Ingila fiye da na Faransa. A cikinsu a duba kwabon 1936. Sarki Edward na Takwas bai cika shekara a kan gado ba ya yi murabus a watan Disamba don ya auri matar da fada ta ƙi, kuma a Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. A Afirka ta Yamma an saka, kwabo da ɗari da anini, duk da sunansa, babu hoto saboda hujin. An buga su da yawa, ba su da tsada, amma abin da Bature a Landan bai taɓa kashewa ba kakanninmu sun sayi goro da shi.

Sauran labarin kowa ya sani. Babbar azurfar Faransa ta tamma biyar, wato dala, ta yi ƙaranci tun lokacin Yaƙin Duniya na Farko, takarda ta maye gurbinta, amma har yau da dala muke lissafi. Sefa ta zo a Disamban 1945, naira a Janairun 1973, aka karya sefa da rabi a Janairun 1994.

Abin da ke damuna shi ne yadda kayan nan ke ƙarewa. Liyari da dala suna tafiya wurin maƙeran farfaru su koma zobe da munduwa, kwabbai suna bin 'yan gwangwan a kan kilo, wuri kuma ana zubar da shi don an ɗauka kayan bori ne ko na duba. Wanda ke da su kada ya goge su da toka ko lemon tsami, domin goga tana cinye rubutu, darajar kuma ta faɗi. Ya ware wurin gida biyu: na Maldib mai ɗan tudu tudu ne a gefe, launinsa ya yi ruwan ƙwai, na Zanzibar kuwa yana da zobe ruwan goro a gadon baya. Ya sami takarda ya rubuta sunan mai kayan da garinsu, da abin da tsofaffin gida suka tuna, ko sadaki ne, ko kuɗin gyaɗa, ko tsarabar Makka. Ya kai wa malamin tarihi na makarantar garinsu ya nuna wa yara, su yi musayar abin da ya maimaitu da masu irin wannan sha'awa a Agye ko Tsibiri.

Abin da aka tono a ƙasa kuwa, tukunyar wuri a kufai ko tsohuwar ganuwa, hukuncinsa daban ne. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta hau kansa, kuma mun ga yadda masu tono suka wawashe makabartun Bura a yammacin ƙasar nan cikin shekarun 1990 kafin masana su gama karanta su. Wanda garmarsa ta ci karo da irin wannan ya bar tukunyar inda take, ya sanar da mai gari da hukumar al'adu ta jihar Maraɗi, domin zurfin da take da abin da ke kewaye da ita su ne za su faɗi zamaninta.