Gidan Mari da Amanar Maraya: Darasi daga Tarihi

A ƙasar Hausa ta dauri babu gidan marayu. In uba ya rasu, baffa ko kawu shi ke ɗaukar riƙon 'ya'yansa, alƙali kuwa ya tsare dukiyarsu har su mallaki hankalin kansu. Sai dai akwai gidan mari, watau makarantar da akan kai yaron da ya gagari iyayensa, malam ya sa masa mari a ƙafa don horo. Da birane suka bunƙasa, zumunci ya yi rauni, sai waɗannan gidaje suka cika, ba mai leƙa su.

Asiri ya tonu a watan Satumba na 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da sarƙa, waɗansu da tabon bulala. A watan Oktoba aka buɗe irinsa a Daura, aka sami mutum 67, sa'an nan wani a birnin Katsina.

Wannan cuta ba ta addini ɗaya ba ce. A lardin Kwibek na Kanada, zamanin mulkin Maurice Duplessis wanda ya ƙare a 1959, an rubuta dubban yara na gidajen marayun Cocin Katolika a matsayin masu taɓin hankali, alhali lafiyarsu lau, saboda kuɗin da gwamnatin tarayya ke biya a kan majinyaci ya fi na maraya. Da yawansu sun girma ba karatu, ba sana'a, ba sa amincewa da kowa. Sai a 2001, bayan sun manyanta, gwamnatin lardin ta amince da biyan su diyya. Abin da ya haɗa Kwibek da Daura shi ne rufaffiyar ƙofa, da kwarjinin mai gida wanda ya hana hukuma tambaya.

Lalle wannan ya shafi Runka da sauran ƙasar Safana da Batsari, inda hare-haren 'yan bindiga suka bar marayu masu yawa; a Tsauwa da Dankar kaɗai an kashe mutum 30 a Fabrairun 2020. Kafin a miƙa ɗaya daga cikin yaran nan ga wani gida, wajibi ne jami'in walwalar jama'a ya rubuta sunansa, ya san danginsa, ya riƙa kai ziyara ba da sanarwa ba, kuma ya gana da yaron shi kaɗai.