Gorleben, Ƙauyen da Ya Ƙi Zama Jujin Jamus

Ran 22 ga Fabrairu 1977, Ernst Albrecht, firimiyan jihar Lowa Saksoni a Jamus ta Yamma, ya tsaya gaban 'yan jarida ya nuna wani wuri a taswira. Wurin shi ne Gorleben, ɗan ƙauye a gefen kogin Elbe. A nan aka shirya gina masana'antar sake sarrafa makamashin nukiliya, a kuma binne shara mai tururin guba cikin dutsen gishirin da ke kwance ƙarƙashin gonaki da daji. Ba wanda ya nemi jin ta bakin masu gonakin.

Yankin ba shi da yawan jama'a, ba shi da masana'antu, ga shi ya kutsa cikin iyakar Jamus ta Gabas. Mazauna wurin suka ce abin da ya sa aka zaɓe su ke nan, an ɗauka ba su da bakin magana.

Manoma suka nuna ba haka ba ne. A ƙarshen Maris 1979 suka hau taraktocinsu suka nufi Hanoba, babban birnin jihar. Suna kan hanya sai ga labarin hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka. Ranar 31 ga wata, mutum wajen 100,000 suka cika birnin. Cikin watan Mayu Albrecht ya amsa cewa siyasa ba za ta bari a gina masana'antar ba. Amma batun ramin sharar, aka ci gaba da shi.

A 1980 masu adawa suka kafa bukkokin katako a filin da ake haƙan gwaji, suka sa masa suna Jamhuriyar Wendland Mai 'Yanci, daga sunan yankin, har da fasfo. Kwana 33 ta yi 'yan sanda suka rushe ta. Daga 1995 zuwa 2011 aka riƙa kawo sharar rumbun wucin gadi cikin manyan tukwanen ƙarfe da ake kira Castor, kowane zuwa da rakiyar dubban 'yan sanda. Tsofaffi da 'yan makaranta su zauna kan titin jirgi cikin sanyin Nuwamba, manoma su tare hanya da tarakta. A ƙofar gidaje kuwa, katako biyu ne a gicciye, an shafa musu fenti ruwan ɗorawa, alamar gidan bai yarda ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ihu kaɗai suka yi ba. Sun karanci ilimin duwatsu, sun shiga kotu, sun nace cewa rufin da ke saman gishirin ba shi da ƙwari, ruwan ƙasa zai iya isa gare shi.

Sai a 2013 majalisar tarayya ta yi dokar sake neman wuri daga farko, aka gyara ta a 2017. Dokar ta ce wurin ya iya riƙe sharar shekara miliyan ɗaya, ta kuma kafa kwamitin sa ido mai kujeru 18, shida daga ciki na mutanen gari da ake fara zaƙulowa ta hanyar ƙuri'ar sa'a. Wannan, a ganina, shi ya kamata a yi tun 1977.

Ran 28 ga Satumba 2020, hukumar BGE mai binciken ta cire Gorleben daga jerin wuraren da ake dubawa, kuma raunin rufin nan yana cikin dalilanta. Kafin nan an kashe kusan yuro biliyan biyu a ramin.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Tukwane 113 suna nan jere a rumbun wucin gadi kusa da ƙauyen, izinin ajiyarsu zai ƙare a 2034, hukumar kuma ta ce da wuya a tsayar da sabon wuri kafin 2046.