Hawa Bakwai a Allo, Hawa Huɗu a Waya: Waiwaye a kan Tarihin Ƙa'idojin Intanet da Koyar da Su a Jami'a

1.0 Gabatarwa

Kusan duk ɗalibin injiniyanci da ya zauna a ajin sadarwar na'ura mai ƙwaƙwalwa ya taɓa cin karo da zanen nan mai kama da bene hawa bakwai, wanda ake kira tsarin OSI. Malami kan zana shi a makon farko, ɗalibai su haddace sunayen hawayen daga ƙasa zuwa sama, a kuma tambaye su a jarrabawa. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne, intanet ɗin da ke aljihunsu ba a kan wannan tsari aka gina ta ba. An gina ta ne a kan abokin hamayyarsa, wato TCP/IP, wanda ya kayar da shi tun a shekarun 1990. A wannan maƙala za mu bi diddigin yadda aka haihu a ragaya, domin muna ganin wanda zai tsara manhajar wannan fanni, ko ya samar masa da keɓaɓɓun kalmomi a Hausa, ba zai san abin da ya kamata ya fifita ba sai ya san wannan tarihi.

2.0 Daga Keɓaɓɓen Layi zuwa Ƙunshi

Tsohon tsarin tarho ya ginu ne a kan keɓe wa masu magana biyu layi guda tun daga sallama har ban kwana, ko suna magana ko sun yi shiru. Wannan bai dace da kwamfuta ba, domin ita takan furzar da bayani ne a lokaci guda sannan ta yi tsit. A farkon shekarun 1960 Paul Baran a Amurka, da kuma Donald Davies a Ingila jim kaɗan bayansa, kowannensu ba tare da sanin aikin ɗan'uwansa ba, suka kawo dabarar yanka saƙo gunduwa-gunduwa, a liƙa wa kowace gunduwa adireshi, a sake ta ta bi hanyar da ta samu a buɗe. Davies ne ya raɗa wa gunduwar sunan da muke fassarawa da ƙunshi.

An gwada dabarar a sarƙar kwamfutoci ta ARPANET, wadda ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta. A ranar 29 ga Oktoba 1969 aka aika saƙon farko daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis zuwa Cibiyar Bincike ta Stanford, amma haruffa biyu kacal suka isa kafin na'urar ta tsaya. Zuwa ƙarshen shekarar tashoshi huɗu ke haɗe. Akwai wani abu da ya faru a wannan shekara wanda ya fi saƙon nan tasiri, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. A watan Afrilu wani ɗalibin babban digiri mai suna Steve Crocker ya rubuta takarda ta farko a jerin da ake kira RFC, sunan da ke nufin neman jin ra'ayi. Ɗalibai ne ke rubuta ƙa'idojin, suna kuma tsoron kada manya su ce sun yi azarɓaɓi, shi ya sa suka zaɓi suna mai tawali'u. Har yau a cikin wannan jeri ake wallafa ƙa'idojin intanet, kuma kowa na iya karanta su kyauta.

3.0 Gida Biyu, Tafarki Biyu

Matsalar da ta biyo baya ita ce yadda za a haɗa sarƙoƙi mabambanta, na waya da na rediyo da na tauraron ɗan'adam. A Faransa, Louis Pouzin ya nuna a sarƙarsa ta CYCLADES cewa ba dole ne hanya ta ɗauki alhakin isar da kowane ƙunshi ba. Ana iya barin wannan nauyi a wuyan kwamfutocin da ke bakin hanyar biyu. Vinton Cerf da Robert Kahn suka ɗora a kan haka a maƙalarsu ta watan Mayu 1974. Da farko ƙa'ida guda ce, sai a 1978 aka raba ta biyu: IP ta ɗauki aikin adireshi da tura ƙunshi ba tare da alkawarin isa ba, TCP kuma ta ɗauki aikin ƙirga abin da ya iso, da sake aiko wanda ya ɓata, da jera su bi da bi. An fitar da su a RFC mai lamba 791 da 793 a watan Satumba 1981, sannan a ranar 1 ga Janairu 1983 ARPANET ta koma kansu baki ɗaya. A wannan shekarar ce kuma Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta saka su cikin Unix ɗin da take rarrabawa, sai ga su a ɗakunan gwaji na jami'o'i ba tare da an sha wahalar saye ba.

A ɗaya gidan kuwa, hukumar daidaita ma'auni ta duniya, wato ISO, ta fara nata aikin a 1977, tare da goyon bayan gwamnatocin Turai da hukumomin tarho da manyan kamfanoni. Ta fitar da zanen hawa bakwai a matsayin ma'auni a 1984. Ba za mu yi wa masu wannan aiki adalci ba idan muka ɗauke su ragwaye. Ƙwararru ne, irin su Hubert Zimmermann wanda shi kansa ya yi aiki a CYCLADES, kuma burinsu na kirki ne: kada kamfani guda ya mallake harshen da kwamfutocin duniya za su yi magana da shi. A ƙarshen shekarun 1980 mafi yawan masana sun ɗauka OSI ce magajiya, TCP/IP kuwa rumfa ce ta wucin gadi. Ita kanta gwamnatin Amurka ta fitar da umarni a 1988, wanda ya fara aiki a 1990, cewa ma'aikatunta su riƙa sayen kayan da suka bi OSI.

To me ya kayar da ita? Bambancin yana ga tafarkin aiki. A gidan OSI sai kwamiti ya gama rubuta ƙa'ida, ƙasashe su kaɗa ƙuri'a, sannan a je a gwada ginawa. Kuma domin a faranta wa kowa, sai aka cika ƙa'idojin da zaɓi iri-iri, har ya zama na'urori biyu na iya bin ma'auni guda amma su kasa fahimtar juna. Takardun ma sayen su ake yi. A gidan intanet kuwa a kan gina ne tukuna, a gwada, a gyara, sannan a rubuta. A 1992, da shugabannin fasahar intanet suka ba da shawarar a maye gurbin IP da wata ƙa'ida ta OSI, injiniyoyin ƙungiyar IETF suka yi bore har aka janye shawarar. A taron wannan shekara ne David Clark ya faɗi maganar da ta shahara, wadda ma'anarta ita ce su ba ruwansu da sarki ko ƙuri'a, abin da suka yarda da shi shi ne rinjayen fahimtar juna da shirin da aka ga yana aiki. Zuwa 1995, lokacin da yanar gizo ta fara mamaye duniya a kan TCP/IP, gwamnatin Amurka ta ɗage wancan tilas.

4.0 Yadda Zanen Ya Tsira a Aji

Ƙa'idojin sun faɗi, amma zanen ya rayu, kuma littattafan koyarwa ne suka raya shi. Littafin Andrew Tanenbaum, wanda ya fara fitowa a 1981, ya jera babobinsa ne bisa hawayen OSI, daga waya zuwa sama, kuma da shi da ire-irensa aka horar da malaman da suka horar da malaman yau. Shi kansa marubucin ya rage hawayen zuwa biyar a bugun 1996. A farkon ƙarnin nan James Kurose da Keith Ross suka juya tsarin, suka fara daga abin da ɗalibi ya saba da shi, kamar wasiƙar intanet da shafin yanar gizo, sannan suka gangara zuwa waya. Takardar RFC 1122 ta 1989, wadda ta fayyace abin da ake bukata daga kwamfutar da ke kan intanet, hawa huɗu ta ambata.

Ba muna cewa a goge zanen daga allo ba ne. Injiniyoyi a ko'ina suna cewa hawa na biyu, hawa na uku, hawa na bakwai, kuma ɗalibin da bai san wannan ƙirga ba zai zama baƙo a wurin aiki. Haka kuma wasu 'ya'yan OSI suna nan da ransu, alal misali takardar shaida ta X.509 da ake tantance shafukan banki da ita, da ƙa'idar zaɓen hanya ta IS-IS da manyan kamfanonin sadarwa ke amfani da ita. Inda gizo ke saƙa shi ne hawa na biyar da na shida. Ɗalibi kan ɓata lokaci yana neman su a cikin saƙon da ya kama a ɗakin gwaji, alhali a intanet ayyukansu sun narke cikin hawan sama. Malamin da ya tilasta wa kowace ƙa'ida ɗaki a benen nan zai sha wuya da QUIC, wadda aka daidaita a 2021: tana aikin jigila irin na TCP, tana ɓoye sirrin saƙo, amma a kan UDP take hawa.

5.0 Ƙa'ida Amsa Ce ga Matsala

Darasin da ya fi girma a wannan tarihi, a ganinmu, shi ne kusan kowane babi mai wuya a kwas ɗin tabon wani rauni ne. A watan Oktoba 1986 saurin bayani tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar da ke maƙwabtaka da shi, tazarar yadi 400 kacal, ya faɗo daga bit 32,000 zuwa bit 40 a daƙiƙa. Dalili kuwa, duk kwamfutar da ƙunshinta ya ɓata saboda cunkoso sai ta sake aikowa, cunkoson ya daɗa ƙaruwa. Maganin da Van Jacobson ya wallafa a 1988 shi ne mai aikawa ya fara a hankali, ya riƙa ƙarawa, da zarar ya ga asara ya rage rabi. Ɗalibin da aka fara ba shi wannan labari, aka ce ya nemo mafita kafin a nuna masa lissafin, zai riƙe shi fiye da wanda aka ba jadawali ya haddace.

Haka batun adireshi. Bit 32 na IPv4 na ba da adireshi kimanin biliyan 4.3, adadin da ya yi kama da teku a 1981. Tsarin CIDR na 1993 da dabarar NAT ta 1994 duk faci ne domin jinkirta ƙarewarsu, IPv6 mai bit 128 kuwa an fara fayyace ta a 1995. Babbar ma'ajiyar duniya ta raba kasonta na ƙarshe a watan Fabrairu 2011. Duk da haka tsofaffin adireshin na nan ana aiki da su gefe da gefe da sababbin, don haka manhajar da ta mayar da IPv6 rataye a makon ƙarshe ta gaza.

Ita kuwa BGP, wadda manyan sarƙoƙi ke sanar da juna hanyoyi da ita tun 1989, an gina ta ne a zamanin da masu gudanarwa suka san juna, saboda haka yarda ce ginshiƙinta. Nan ma ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Nuwamba 2018 kuskuren saiti a wani kamfanin sadarwa da ke Legas ya karkatar da wani ɓangare na zirga-zirgar Google ta Rasha da Sin na fiye da sa'a guda. A watan Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka ji a jikinsu. Waɗannan aukuwa biyu sun isa a gina makonni a kansu game da tace sanarwar hanya, da tanadin hanya ta biyu, da amfanin mahaɗar musayar intanet ta cikin gida.

6.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Masu Manhaja

Sabon ma'aunin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Muna ba da shawarar a yi amfani da wani abu daga wannan sarari wajen sa ɗaliban aji na ƙarshe su karanta RFC 791 ainihinta, su kama ƙunshi da Wireshark su gwada da abin da takardar ta ce.

Ta fuskar harshe, Ingilishi ne harshen lacca a tsangayoyin injiniyanci, amma bayanin da ke sa abu ya zauna sau da yawa a harshen gida ake yin sa, a ɗakin gwaji ko a zauren bita. A nan ma akwai abin koyi daga faɗuwar OSI: kalmar da kwamiti ya ƙirƙira bai gwada ta a bakin masu aiki ba, a takarda za ta tsaya. Gara a fara da 'yan kalmomin da ake bukata kullum, irin su ƙunshi da cunkoso da jigila da zaɓen hanya, a kai su aji, a ga wadda ta karɓu. Akwai ma wata sarƙaƙiya da ke jiranmu tun a bakin ƙofa: kalmar manhaja, wadda mu malamai muka sani da ma'anar tsarin karatu, yanzu kafafen yaɗa labarai na amfani da ita ga shirin kwamfuta da na wayar hannu. Duk wanda zai raɗa wa hawa na bakwai suna sai ya fara yanke hukunci a kan wannan, tun da a rahoto irin wannan ma'anonin biyu na iya haɗuwa a jimla guda.