Ruwan Rijiya a Ƙasa Mai Dutsen Farar Ƙasa: Abin da Ya Kamata Iyali Su Sani

Ruwan rijiya da na burtsatse asalinsa ruwan sama ne da ya nutse cikin ƙasa. Tsabtarsa ta dogara ne da irin ƙasar da ya ratsa kafin ya iso guga.

Ƙasa iri biyu a jihar Sakkwato

A yankin Isa, Tozai da Sabon Birni, ƙasar galibi yashi ce da tsakuwa da yumɓu. Ruwa na ratsa ta a hankali, tana tace shi. Amma rijiyoyin fadama ba su da zurfi, don haka ƙazanta na saurin kai musu, musamman idan gulbin Rima ko Bunsuru ya yi ambaliya.

Idan aka nausa yamma, daga Sakkwato zuwa Kware, Gwadabawa da Wurno, akwai shimfiɗar dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina. Ruwan sama na narkar da wannan dutse sannu a hankali, har tsagoginsa su buɗe su zama hanyoyi. Ruwa na gudu a ciki kamar a kwata, babu abin da ke tace shi. Kashin shadda ko na garke na iya kaiwa rijiya cikin kwanaki kaɗan, ruwan kuma ya fito garau.

Haka ta faru a garin Walkerton na ƙasar Kanada a 2000. Ruwan sama mai ƙarfi ya wanke kashin shanu zuwa rijiyar gari da ke cikin irin wannan dutse. Mutum 7 suka rasu, sama da 2,000 suka kamu da ciwo.

Yadda masana ke gano hanyar ruwa

Sukan zuba launi marar illa inda ruwa ke nutsewa, su jira su ga rijiyar da zai ɓullo da tsawon lokacin da ya ɗauka. Sukan kuma auna hawa da saukar ruwan rijiyoyi, damina da rani, su sa a kwamfuta don fitar da taswirar tafiyarsa.

Alamomin haɗari

Rijiyar da ke gurɓacewa ko ke cika nan da nan bayan ruwan sama tana karɓar ruwa kai tsaye daga sama. Irin wannan ruwa na ɗauke da kwalara, taifot da ciwon hanta nau'in E, wanda ya fi tsanani ga masu juna biyu. Farin ɓawon da ke taruwa a tukunya da rashin kumfar sabulu kuwa, daga dutsen suke, ba cuta ba ne.

Matakan kariya

- A haƙa shadda aƙalla mita 30 daga rijiya, ta gangare. A ƙasa mai tsagaggen dutse wannan tazara ba ta wadatarwa.
- A ɗaga bakin rijiya, a dafe kewayenta da siminti, a sa murfi, a rataye guga.
- A tafasa ruwan sha, ko a sa kulorin bisa umarnin da ke jikin kwalin, a jira minti 30.

Yaushe za a tafi asibiti?

Da zarar gudawa ta fara, a soma ba da ruwan gishiri da sukari na ORS. Idan gudawar kamar ruwan shinkafa take, ko da jini, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko yaro ya kasa shan nono, a tafi nan take. Idan mutum biyu ko fiye da ke sha daga rijiya ɗaya suka kamu, a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma.