Daga Tawadar Allo Zuwa Tayar Mota

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani ina so in bi tarihin wani abu da muka raina, watau baƙin hayaƙi.

Bari in fara daga gida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. Almajiran irin waɗannan garuruwa na ilmi sun san yadda ake haɗa tawadar allo: a sami baƙin tukunya ko gawayi, a niƙe lukui, a dama da ruwan ƙaro. In niƙan bai yi laushi ba, sai tawada ta yi gudaji, rubutu ya ɓaci.

To, shi ƙaro yana cikin abubuwan da masana kimiyya ke kira polima, watau waɗanda ginuwarsu ta dogayen zaruruwa ce da ido ba ya gani. Roba ma haka take. Tayoyin farko farare ne, masu saurin cinyewa. A 1904 aka gano a Ingila cewa garin baƙin hayaƙi yana ƙara wa roba ƙarfi, wajen 1912 kuma kamfanin Goodrich na Amurka ya shiga zuba shi a taya. Dalili kuwa shi ne ƙanƙantar ƙwayoyinsa, waɗanda ake aunawa da nanomita, watau milimita ɗaya a raba gida miliyan. Zaruruwan roba sukan manne musu ta kowane gefe, su kasa zamewa, sai robar ta yi tauri, ta jure gogayya da kwalta. Daga baya, a shekarun 1980, masu bincike na kamfanin Toyota a Japan suka barbaza yumɓu ƙasa da kashi 5 cikin 100 a nailan, taurinsa ya kusa ninkawa.

Amma fa sharaɗin ɗaya ne da na tawada. In ƙwayoyin suka dunƙule, daga nan tsaga kan soma.

Saboda haka duk motar da ta bi ta Boɗinga ta nufi Shagari, a kan wannan hikima take gudu. Shawarata ita ce mu zauna da tsofaffin masu haɗa tawada, mu rubuta awonsu da kalmominsu tun suna raye. Allah ya sa mu dace.