Yadda gubar alminiyam ke tauye girman dashen itatuwa

Alminiyam, wanda ake ƙera tukwane da kwanon rufi da shi, shi ne ƙarfen da ya fi kowanne yawa a ɓawon ƙasa, inda ya kai kimanin kashi 8 cikin 100. Galibi yana ɗaure ne cikin duwatsu da yumɓu, ba ya cutar da shuka. Sai dai idan ƙasa ta yi tsami, wato ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.5, yakan narke cikin ruwan ƙasa ya zama guba.

Ɓarnar tana farawa ne daga ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Alminiyam yana manne wa tsinin saiwa, ya hana ƙwayoyin halittarta miƙewa da rabuwa, cikin 'yan sa'o'i tsawonta ya fara tsayawa. Saiwar takan gajarta, ta yi kauri, ta yi duhu, ƙananan gashinta masu zuƙar ruwa su ragu. Ƙaramin dashe ya fi jin jiki saboda saiwoyinsa ba su da yawa.

Haka kuma alminiyam yana tare hanyar shigar sinadaran kalsiyam da magnesiyam, yana kuma ɗaure fosfaras ta yadda tsiro ba zai amfana da shi ba. Tun da magnesiyam na cikin ginshiƙan sinadarin da ke sa ganye kore, ƙarancinsa kan sa ganye ya yi rawaya, haɗa abinci daga hasken rana ya ragu. Dashen sai ya tsumbure, ya yi yaushi da ɗan fari kaɗan, har mai reno ya zaci ƙishirwa ce kawai.

Batun ya ja hankalin duniya a shekarun 1970 da 1980, lokacin da masanin ƙasa Bernhard Ulrich na Jamus ya danganta lalacewar dazuzzukan ƙasarsa da alminiyam ɗin da ruwan sama mai tsami ke narkarwa. A Najeriya, an fi samun ƙasa mai tsami a kudanci, inda yawan ruwan sama ke wanke sinadarai. Yawan zuba takin zamani mai amoniyam shi ma yana ƙara tsamin.

Itatuwa sun bambanta wajen juriya. Wasu na fitar da sinadarai daga saiwa da ke ɗaure gubar kafin ta shiga. Shayi, wanda ake nomawa a tsaunin Mambila na jihar Taraba, yana tara alminiyam a tsofaffin ganyensa ba tare da ya cutu ba.

Masana na ba da shawarar a gwada ƙasa kafin dashe. Idan tsami ya yi yawa, a gauraya farar ƙasa ta noma ko tokar itace, a ƙara takin gargajiya, sannan a zaɓi irin bishiyar da ke jure wa wurin.