Tarihin Neman Madadin Jini

Aikin jini a jikin ɗan Adam kamar aikin fatake ne. Yakan ɗauki iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina cikin jiki. Abin da ke ɗaukar kayan nan kuwa shi ne hemogulobin, watau sinadarin da ke sa jini ja. To, da yake jinin mutum ba ya samuwa kullum, ba ya kuma ajiyuwa da daɗewa, tun da can likitoci suke neman abin da zai tsaya a madadinsa.

Cikin 1667 wani likitan Faransa, Jean-Baptiste Denis, ya ɗura wa wani yaro jinin ɗan tunkiya. Da wani majinyacinsa ya mutu sai aka hana. Cikin 1832 Thomas Latta na ƙasar Sukotlan ya ɗura ruwan gishiri a jijiyar masu kwalara. Dabarar nan ta ɗore har yau, amma fa ruwan gishiri cika jijiya kurum yake yi, ba ya dakon iska. Har madara an gwada a Kanada cikin 1854, ba ta yi ba.

Sa'an nan aka koma ga tace hemogulobin daga jini. Cikin 1949 William Amberson na Amurka ya ba da labarin wata mai haihuwa da jini ya ɓalle mata. Aka ɗura mata shi, ta farfaɗo, amma ƙodarta ta lalace, ta rasu. Cikin 2001 Afirka ta Kudu ta yarda da Hemopure, wanda ake yi da jinin shanu. Amma cikin 2008, da aka tara sakamakon gwaji 16, sai aka ga irin waɗannan magunguna suna ƙara mutuwa da ciwon zuciya. Dalili kuwa, hemogulobin da aka raba da ƙwayarsa yakan shanye naitirik oksaid, sinadarin da ke buɗe jijiyoyi, sai su tsuke.

Akwai kuma wani ciwo mai tsanani. In ƙwayoyin cuta suka rinjayi jiki, sinadarin nan yakan yi yawa, jijiyoyi su saki, jini ya yi ƙasa, mutum ya galabaita. Likitoci suka yi tsammani aibin can zai zama magani a nan. Suka gwada, amma rahoton 2015 ya nuna an tsai da gwajin tun bai ƙare ba, gama waɗanda aka ba sun fi mutuwa. Tun cikin 1994 ma an gwada ƙara kai iska ga masu ciwo mai tsanani a London, bai cece su ba.

Daga nan masana suka gane, a wannan ciwo sau da yawa iskar tana isa, jiki ne ya kasa amfani da ita. An kai tuwo ƙofar ɗaki, mai ɗaki ba ya iya ci.

Kama da wane ba ta wane. Har yanzu mai bukatar jini da jinin ɗan'uwansa ya dogara. Saboda haka, mai karatu, in an nemi gudummawar jini, kada ka noƙe.